Kwanon Baba da Ya Dawo a Rufe

Har yau in kitse ya ɗiga a kan garwashi, ƙaurinsa ya haɗu da ƙamshin ƙasar da ruwa ya jiƙa, sai in ji raina ya ɓaci. Kwanan nan ma haka ta faru da ni a mahaɗar Lalala. Ina cikin kalando, tasin nan namu da ake cusa mutane kamar buhunan albasa, mun maƙale a cunkoso, sai wani mai nama a bakin titi ya juya tsoka, hayaƙi ya shigo ta taga. Matar da ke gefena ta ce kai, wannan ƙamshi zai iya sauke mutum daga mota. Ni kuwa kau da kai na yi, don abin da ya taso mini haushi ne, tsohon haushi wanda ya girmi duk 'ya'yana. Zan gaya maka daga inda ya fito, in ya so ka ce na cika riƙo. An sha faɗa mini haka, ban kuma taɓa musawa ba.

Mahaifina mai nama ne. A nan Libreville kupe-kupe ake kiran sana'ar. Ganga ake tsagawa gida biyu, a zuba gawayi, a ɗora waya, a shimfiɗa manyan tsokoki su yi ta nuna a hankali tun la'asar. In mai saye ya zo sai a yanka masa ƙanana, a barbaɗa yaji da albasa, a naɗe a takarda. Baba daga wani ƙauye ta wajen Kano ya taso, ya ratso Kamaru, ya iso garin nan da wuƙarsa da rigar da ke jikinsa. Da gangar nan ya auri Inna, da ita aka yanka ragon sunana, da ita ake biyan haya da takalmin lekol, wato makaranta. Tana can gangaren layinmu, in ka tsallake kwalbati, daidai ƙofar wata mashaya ta katako irin wadda ake ce wa maki.

In rana ta yi sanyi, gangaren nan yakan zama wani gari daban. Mata 'yan ƙasa su fito da kurfotinsu suna gasa kifi, ga sandunan rogo a naɗe cikin ganye an jera a tire, ga atanga, ɗan itacen nan da ake gasawa, tana laushi a gefen wuta. Wata ta kafa kaskon fukafukin kaza, wata tukunyar romo. A fito da kujerun roba har bakin kwata, ƙwayayen lantarki masu launi su kama, kiɗan Kwango ya fara daga wannan ƙofa, na Kamaru ya amsa daga waccan. Ma'aikatan ofis da direbobi da 'yan tashar jirgin ruwa su sauko, kowa ya sassauta maɓallin wuya. Mu 'ya'yan Hausawa an hana mu tsallake kwalbatin in magariba ta gabato, amma ba a hana mu hanci da kunne ba. Daga ƙofar gidanmu nakan bambance hayaƙin Baba da na masu kifi.

Mai mashayar wata 'yar ƙasa ce, ƙatuwa, muryarta kamar ta yaron babbar mota, kowa Maman yake ce mata. Ita da Baba sun yi shekaru suna zaman mutunci ba tare da ɗaya ya iya harshen ɗaya sosai ba. Ta hana kowa ajiye kwalba a teburinsa. Mai naman alade ya taɓa zuwa zai kafa kusa da shi, ta kore shi har da tsintsiya. In an kira magariba Baba yakan goge wuƙarsa ya soke a kugu, ya rufe naman da takarda, ya ce mata, "Maman, wuta." Ita kuma ta ce, "Je ka, Papa Hausa." Sai ta jawo kujera ta zauna gadin gangar har ya yi salla, ya ci abinci, ya yi isha ya dawo. Lokacin ne ma ciniki yake buɗewa sosai, don mai sha sai cikinsa ya ɗauka yake tuna nama.

Abincin da yake hawowa ci shi ne tushen maganar. Ban sani ba ko a inda kake har yanzu ana ciyayya. A layinmu in an idar da magariba sai a shimfiɗa babbar tabarma a barandar masallacinmu na katako, kowane magidanci a fito masa da kwanonsa daga gida, a jera a tsakiya. Ba mai cin nasa shi kaɗai. A buɗe na wannan a taru a kai, in ya ƙare a jawo na wancan, har a zagaye. Ga Kanawa da tuwon shinkafa, ga mutanen Garwa da Marwa da miyar yakuwarsu mai tsami, ga 'yan Nijar da dambun zogale. Saurayin da ya sauka jiya ba shi da mata ba shi da tukunya, shi ma ya wanke hannu ya matso. A can gida wataƙila al'ada ce kawai. A nan kuwa tabarmar nan ita ce garinmu gaba ɗaya. A kanta ake jin wanda aka kama saboda katin zama, da wanda zai je ya tsaya masa a komisariya wajen 'yan sanda, da wanda zai tafi gida a ba shi saƙo. Wanda yake kanta yana da mutane, wanda ba ya kanta ko shekara nawa ya yi a Gabon baƙo ne.

Shugaban tabarmar wani Alhaji ne mai babban butik, wato kanti, a bakin kasuwa, wanda ya riga kowa zuwa ƙasar. Shi yake cewa bisimilla, shi kuma yake nuna kwanon da za a buɗe da ɗan yatsa. Ni ce mai kai na gidanmu, tunda ƙannena maza lokacin ba su iya riƙe kwano ba tare da sun yi wanka da miya ba. Kuma ina alfahari da shi. Inna ta koyi miyar ganyen rogo wajen wata maƙwabciyarmu 'yar ƙasa, ta mayar da ita tata, tana zuba mata ƙashi da jijiya da guntayen da Baba yake ragowa. Kwanonmu ko suɗi ba a bar wa yara a ciki. In na dawo da shi, kafin in ajiye Inna ta ɗaga murfi ta leƙa, ta ce, "Ko wanki ba ya so," tana murmushin da take ɓoyewa.

Sai wata damina, lokacin da mangwaro ya fara nuna. Ruwan garin nan ba ya sallama. Ranar ya sauko bayan la'asar kamar da bakin ƙwarya, kwalbatin ya cika ya tumbatsa, ruwa ya kai kugun babban mutum, yana tafe da silifa da robobi da duk dattin unguwa. Baba ya maƙale a wancan gefen. Aka kira magariba yana ji daga sama, ga lokacinta gajere, ga ƙasa duk taɓo. Maman ta ga yana waige-waige, sai ta shiga ta ɗauko wani busasshen kwali ta buɗe shi, ta shimfiɗa masa a ƙarƙashin rufin kwano, bayan gangarsa. Ya shafa ya ji babu jiƙa babu ƙazanta, ya cire takalmi ya hau ya ta da salla. Kwalin giya ne, da hoton kwalba a jiki.

Wani direban kalando daga cikin mutanen tabarmar yana zaune a motarsa a gefen, yana jiran ruwa ya janye. Shi bai sauko ya yi sallar ba, ka riƙe wannan. Amma ya ga wanda ya yi. Labarin ya riga Baba tsallake kwalbati. Kafin gari ya waye kwali ya zama tebur, kafin azahar an ce a cikin mashayar ya yi sujada, kwalabe jere a gabansa, matan banza suna tafa masa.

Da magariba na kai kwano kamar kullum, na koma bayan ginshiƙi inda muke raɓewa. Alhaji ya ce bisimilla, ya nuna na wani tela. Aka cinye. Ya nuna na wani tsoho ɗan Nijar. Ya nuna nasa. Ɗan yatsan nan ya bi ta kan namu ya wuce kamar babu komai a wurin. Na ɗauka mantuwa ce. Wani saurayi sabon zuwa ya miƙa hannu zai ɗaga murfinmu, Alhaji ya yi gyaran murya, saurayin ya janye hannu ya sosa ƙeya. Ba wanda ya ce wa Baba tashi. Mu ba ma kora, mun fi ƙarfin wannan. Gaisawa aka yi da shi, aka tambaye shi ya ruwan jiya, aka matsa masa wuri. Ya yi loma kaɗan a kwanon farko, daga nan ya wanke hannu ya zauna yana kallon tabarma. Da aka watse ya kira ni a hankali.

"Uwata, zo ki ɗauka."

Ban taɓa sanin nauyin kwanon nan a hanyar dawowa ba sai ranar. Da ɗuminsa na rungumo shi. Yaran da ke jiran suɗi suka biyo ni, uwar ɗaya ta leƙo ta kira ɗanta da sunan da ya sa sauran ma suka koma. Inna ta ɗaga murfi, ta ga malmalar tuwo yadda ta kwashe ta, ko shatin mara bai goge ba. Ta dube ni ta ce, "Rasuwa aka yi?" Na ce a'a. Ta mayar da murfin, ta zauna a kan turmi.

Washegari matar tela ta kawo mata sauran bayanin, cikin tausayi irin na mai jin daɗi. An ce ba a cin naman mashaya, kuma miyar gidanmu da shi ake yi. Inna ba ta iya haɗiye magana ba, a wajenta na gado. Baba yana shigowa ta tare shi a tsakar gida.

"Naman mashaya, in ji su? To ƙanƙarar da Alhaji yake lodawa a baro kullum la'asar, ina take zuwa? Shi mai kalandon da ya kai gulmar, su wa yake kwasowa in an tashi daga maki, mahajjata? Telan da ke zama kusa da kai, wa yake ɗinka wa 'yan matan Maman siket ɗin da bai kai gwiwa ba? Shekara da shekaru suna tanɗe ƙashin nan, sai yau suka ji warin giya?"

"Rage murya," in ji Baba. "Katako ne tsakaninmu da mutane."

"Don su ji nake faɗa."

Ya kau da kai. Abin da ya ce kawai shi ne a ci gaba da kai kwano. Haka na yi ta kai shi ina dawo da shi a rufe, da safe mu yi ɗumame. Inna ta sauya miya, ta yi ta kuka, ta yi ta kuɓewa. Wata rana don ta ƙure su ta aike ni butik ɗin Alhaji na sayo kaza daga firjinsa, a gabansa, ta yi miya da ita. Ita ma a rufe ta dawo. Baba ya fara ramewa a tsaye. Yana zuwa salla, yana zama a bakin tabarma, yana gaishe da kowa, ya sauka gangare da yunwarsa ya tsaya a kan naman da ya ishi layin duka.

Daga ƙarshe ya sa babbar rigarsa ta Juma'a ya je ya sami Alhaji a butik. Abin da aka yi a can ta bangon katako na ji shi, yana mayar wa Inna. Alhaji ya karɓe shi hannu biyu, har da lemo. Ya ce, "Malam, mu ba mu ce ka yi saɓo ba. Amma mu baƙi ne a ƙasar mutane, abin da ɗaya ya yi da shi ake auna mu duka. Ka janye gangarka daga ƙofar matar nan, ka dawo da ita bakin masallaci cikin 'yan uwanka, magana ta mutu."

Inna ta ce, "Cikin 'yan uwanka? Wanne ne a cikinsu ya taɓa sayen nama a hannunka?"

Da safe ya ari baro ya turo gangar zuwa sama. Ina tsaye na ga yana haki a hawan nan, toka tana zuba a ƙafarsa. A ranar da magariba ɗan yatsan Alhaji kwanonmu ya fara nunawa. Aka cinye tas, aka yi ta yabon hannun Inna. Baba ya shigo gida fuskarsa a sake kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Na ji daɗi ni ma a lokacin, yarinya ce ni, na ɗauka an gama.

Abin da Inna ta hango shi ya faru. Bahaushen da matarsa ta tuƙa tuwo ba ya sayen tsire, sai dai ya tsaya ya ce, "Yanko mini in ji gishiri." Kowa ya fito daga salla sai ya ji gishiri. Masu sha kuwa ba za su hawo tudu su tsaya a ƙofar masallaci ba, wanda ya kuskura ya zo yana tangaɗi, harara kaɗai ta ishe shi ya juya. Nama ya fara kwana. Baba ya rage sari, ya sake ragewa, har cinya guda ta koma 'yan tsokoki a tsakiyar waya, gangar ta yi musu yawa. Ƙashi ya ɓace daga miyarmu.

Ana cikin haka wata hantsi Maman ta yi sallama a gidanmu. Ba ta taɓa hawowa ba. Ta ɗaura ɗankwali har goshi don girmama gidan, matan tsakar gida suka leƙo ta labule kamar an shigo da kura. Faransancin Baba na ciniki ne kawai, na Inna ma bai kai nan ba, don haka aka kira ni 'yar lekol in tsaya tsakani. Da bakina na faɗa wa mahaifina maganar, shi ya sa ba ta taɓa barina ba.

Ta ce in gaya masa ta tsare masa wurinsa, duk wanda ya zo nema ta kore shi, tana cewa Papa Hausa zai huce ya dawo. Amma bakin titin ba nata ba ne, na mai filin ne, kuma mai filin ya ba da shi. Ta ce wanda aka bai wa Bahaushe ne, saurayi, bai daɗe da sauka ba. Wanda ya kawo shi ya tsaya masa kuwa shi ne mutumin da ke sayar mata da ƙanƙara, ya ce ɗan ƙanwarsa ne. Har sabuwar ganga an kafa.

Na juya na faɗa da Hausa. Inna ta saki ludayin da ke hannunta. Baba bai ɗago ba. Maman ta ƙara da cewa in yana so, za ta buɗe masa gefen shingenta ya kafa a ciki, ba mai filin da ya isa, kuma masu sayen duk shi suke tambaya.

"Ki ce mata na gode," in ji Baba. "Allah ya saka mata da alheri. Ki ce mata ba zan dawo ba."

Na ƙi fassarawa. Ya sake cewa, "Uwata, faɗa mata." Ba sai na faɗa ba, ta riga ta gani a fuskarsa. Ta tashi ta gyara zanenta, ta dafa kaina ta ce babana mutumin kirki ne, amma mutanensa sun cinye shi ɗanye. Wannan ban mayar da ita Hausa ba sai yau.

Da yamma na yi zaton ba za a kai kwano ba. Aka kai. Tuwo ne da miyar kuka tsura, ko man kirki babu. Na ajiye na koma bayan ginshiƙi, sai ga ɗan ƙanwar Alhaji ya hawo daga gangare yana goge hannu, ya zauna a tabarma kusa da kawunsa. Rigarsa tana tashin hayaƙin nan da na sani tun ina goye. Ba wanda ya yi gyaran murya. Aka buɗe kwanonmu ya sa hannu ya yi loma, har yana cewa Baba ya koya masa yadda ake haɗa yaji. Baba ya ce to, in Allah ya yarda.

Da na je ɗaukar kwano, maimakon in sunkuya in wuce, sai na durƙusa a gaban Alhaji na gaishe shi yadda aka koya mini. Ya amsa. Na ce, "Baba Alhaji, don Allah ƙanƙarar da kake kai wa Maman, alwala ake yi da ita?"

Kowa ya juyo ya dube ni. Tsohon nan ɗan Nijar dariya ta kubce masa, ya mayar da ita tari. Alhaji ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce, "Yarinya ce. Lekol ce take buɗe musu ido." Baba ya miƙe, ya kama kafaɗata ya danna ni ƙasa, ya ce in ba shi haƙuri. Na ƙi. Ya ce, "Uwata." Ban taɓa jin ya kira ni da wannan muryar ba, muryar mai roƙo ce. Na ce, "Ka yi haƙuri." Alhaji ya ce babu komai, Allah ya shirya. A hanyar gida Baba bai dake ni ba, bai yi mini faɗa ba. Ya riƙe hannuna har muka isa. Ni dai har gobe ban yi nadamar tambayar ba, haƙurin da na bayar ne yake ci mini rai.

Kafin rani ya shigo an sayar da gangar. Baba ya koma dako a Port Môle, yana sauke buhuna daga jiragen ruwa tare da samarin da ya isa ya haifa, wuƙar da garin nan ya san ta ta koma yankan albasa a madafin Inna. Da bayansa ya gaza ya koma gadin wani shago. Ni ban gama lekol ba, na koma taya Inna suyar ƙosai. Amma ko sau ɗaya bai rasa tabarmar nan ba, kuma kwanonsa bai sake dawowa a rufe ba.

Yau in ka sauka gangaren ba za ka gane shi ba. Maman ta daɗe da komawa ƙauyensu, mashayarta ta zama ginin bulo mai gilashi. Maki sun ninka, ga masu shawarma, ga masu gasa kifi har kan kwalbatin. Ɗan ƙanwar Alhaji daga ƙofar nan ya tashi. Yanzu yana da katafaren wurin cin abinci a unguwar Angondjé, fitilu kamar filin jirgi, an rubuta halal da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa, firjin da ke ciki kuwa ba lemo kaɗai yake sanyayawa ba. Shi ma Alhaji ne yanzu, sahun gaba, shi ya sa wa masallacinmu tayil. In na gan shi da carbi sai in ji kamar in cire takalmi in jefe shi.

Baba yana nan da ransa, ya tsufa tukuf. A daminar da ta wuce na same shi a barandar masallaci bayan magariba, na kasa daurewa, na faɗi abin da na riƙe tun ina yarinya.

"Baba, ka san cutarka aka yi?"

"Na sani, uwata. Tun kafin in je butik na ga yaron yana zagaya gangata yana ƙare mata kallo."

"Ka sani? To don me?"

Ya daɗe yana murza gwiwarsa. Ya ce, "Ke a nan aka haife ki, ba za ki gane ba. Shekarar da na zo, wani mutumin arewa ya mutu a ɗakin haya, ba ya shiga mutane, ba wanda ya san shi. Ya yi watanni a firjin asibiti. Daga baya ma'aikatan gari suka sa shi a akwati suka kai shi, ba wanka, ba salla, ba wanda ya san ina fuskarsa ta kalla. Ni na ce ko me zan rasa a ƙasar nan, ba zan rasa masu ɗaukata ba."

Haushin bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Don ka ga yadda masu ɗaukar suka ƙare. Alhaji mai butik ya tattara dukiyarsa ya koma gida, ya gina bene, ya rasu a can cikin danginsa, bai buƙaci kowa a nan ba. Direban kalando ya koma Garwa. Tela da tsohon ɗan Nijar da sauran, Baba ne ya wanke su ɗaya bayan ɗaya, da bayan nan nasa da dako ya karya ya sa kafaɗa a makararsu. 'Ya'yansu suna Akanda, unguwar masu hali, a bayan manyan ƙofofin ƙarfe, kowa yana cin nasa a gaban talabijin. Samarin da ke salla a masallacin yanzu, ana sallamewa suke zura takalmi su gangara neman shawarma. Ba a shimfiɗa babbar tabarmar kuma, shi kaɗai yake zama a kan buzunsa.

Na tashi zan tafi sai ya riƙe bakin mayafina.

"Ki gaya wa mijinki, in lokacin ya zo kada a tsaya jiran kowa daga Angondjé. Hanyar da cunkoso, kuma mutane suna da harkokinsu." Ya nuna wata 'yar rumfa a tsallaken titi da haɓarsa. "Yaran nan 'yan Gine masu gyaran waya, suna salla a nan. Na riga na koya musu yadda ake wankan. Ki ce a kira dogon, hannunsa da laushi."